Yadda Ake Magance Ƙunar Rana Mai Ƙaiƙayi, da Yadda Mai Aikin Fili Zai Kare Fatarsa

Tun daga shigowar bazara tambaya guda ce take ta maimaituwa daga bakin manoman rani na fadamun Argungu, Augie, Suru da Bunza, da masuntan Yawuri, da leburori masu buga bulo a Birnin Kebbi: mutum ya yini a rana, ya dawo gida ƙeyarsa da kafaɗunsa suna raɗaɗi, bayan kwana ɗaya ko biyu kuma ƙaiƙayi ya taso masa har ya hana shi barci, to me zai yi? Wasu da mamaki suke tambayar, domin sun taso suna jin cewa rana ba ta ƙona baƙar fata. Tana ƙonawa. Duhun fata yana rage ɓarnar, amma ba ya hana ta, musamman a watannin Maris, Afrilu da Mayu da zafi ke haura maki 40 a jihar Kebbi, kuma mai aiki a cikin ruwa yana shan hasken sau biyu, wanda ya sauko daga sama da wanda ruwan ya mayar masa. Ga matakan bi da bi, daga magani zuwa rigakafi.

1. A fara gane irin ƙaiƙayin

Wannan matakin ne aka fi tsallakewa, kuma a nan ake asarar kuɗin magani. Ƙunar rana tana tsayawa ne a inda rana ta taɓa kawai: ƙeya, kafaɗu, gadon baya ga mai tuɓe riga, goshi, karan hanci, saman kunnuwa, bayan hannu da bayan ƙafa. Sau da yawa akan ga iyakarta daidai bakin hannun riga ko wuyan singileti, kamar an ja layi. A jikin mai duhun fata ba lallai a ga ja ba, sai dai wurin ya ƙara duhu, ya ɗauki zafi idan aka taɓa, ya ɗaure kamar an ja shi, kuma ko riga ta goge shi sai an ji. Raɗaɗin yakan fara sa'o'i kaɗan bayan shiga ranar, ya kai ƙololuwa a cikin kwana ɗaya, ƙaiƙayin kuma yakan biyo baya a kwana na biyu ko na uku.

Idan kuwa ƙananan ƙuraje ne masu tsikari a wuraren da tufa ta rufe, kamar hamata, ƙirji da matsematsi, to ƙurajen zafi ne, wato ƙofofin gumi ne suka toshe, kuma abin da suke buƙata shi ne iska da wanka da sakakkiyar riga. Idan ƙaiƙayin ya zo ne ranar bugun shinkafa ko shiƙar gero, ƙaiƙayin hatsi ne, wanka yakan kore shi. Idan a ƙafafu ne daidai inda ruwan fadama ya kai, kuma ya taso jim kaɗan bayan fitowa daga ruwan, a sa ido, domin ƙwayoyin cutar tsargiya ta fata suke shiga, kuma ganin jini a fitsari daga baya dalili ne na zuwa asibiti.

Gargaɗi: idan fatar ta fara zafi ne bayan feshin maganin ciyawa ko na ƙwari, kada a lissafa ta a ƙunar rana. A tuɓe kayan feshin, a wanke jiki da sabulu da ruwa mai yawa, a tafi asibiti da kwalbar maganin a hannu domin ma'aikata su karanta abin da ke cikinta.

2. A sanyaya fatar tun a ranar

Da zarar an ji alamar ƙuna a bar rana, ko da aikin bai ƙare ba, a shiga inuwa. Ruwan randa ko na tulu shi ne daidai, domin yana da sanyi ba tare da ya wuce kima ba. A kwarara shi a hankali a kan wurin, ko a jiƙa tsaftataccen ƙyalle na auduga a ɗora tsawon minti 10 zuwa 15, a sake jiƙawa idan ya ɗumama, a maimaita sau uku ko huɗu a yini. Wajen wanka a ajiye soso gefe, a guji sabulu mai ƙarfi irin sabulun salo da masu ƙamshi da waɗanda ake kira masu magani, sannan a tsane jiki ta hanyar dannawa da tawul, ba gogewa ba.

Gargaɗi: kada a ɗora ƙanƙara kai tsaye a kan fatar da ta ƙone. Ana jin daɗinta a minti na farko, amma tana ƙara wa fatar rauni. Haka ma ruwan zafi, wanda wasu ke gasa wurin da shi suna cewa yana kashe ƙaiƙayi: yana kwantar da shi na ɗan lokaci, sannan ya busar da fatar, ƙaiƙayin ya dawo fiye da da.

3. A mayar da ruwan jiki

Wanda rana ta ƙona ya riga ya zubar da gumi mai yawa, kuma ita kanta fatar da ta ƙone tana janyo ruwa daga cikin jiki. A yi ta shan ruwa kaɗan-kaɗan har sai fitsari ya washe, domin fitsari mai duhu kuma ɗan kaɗan alama ce ta ƙarancin ruwa. Idan akwai kasala, ciwon kai ko ɗaurewar jijiyoyin ƙafa, a haɗa ruwan gishiri da sukari. Wanda ake sayarwa a kemis cikin ƙaramar leda ya fi inganci, kuma a narkar da shi a cikin adadin ruwan da aka rubuta a jikinsa. Idan babu, a zuba sukari ƙaramin cokali shida, shafaffe ba mai tozo ba, da gishiri rabin ƙaramin cokali a cikin lita ɗaya ta ruwa mai tsafta, wato ledar fiya wata biyu. Wanda aka haɗa yau ba a ajiye shi ya wuce gobe war haka.

4. Abin da ake shafawa da wanda ba a shafawa

A nan ne aka fi yin ɓarna, domin duk wanda ya ga mutum yana susa sai ya ba shi shawara. A kwana biyun farko, lokacin da fatar ke da zafi, abu biyu sun isa. Na farko shi ne kalamin, wato ruwan maganin nan mai launin hoda da ake shafa wa yara masu ƙyanda ko ƙarambau, wanda ake samu a kusan kowane kemis kuma yana cikin mafiya arha. A girgiza kwalbar, a diga a auduga, a dangwala a wurin, a bari ya bushe. Yana da halin busar da fata, saboda haka idan wurin ya fara bushewa sosai a rage shi. Na biyu shi ne alobera. Wanda yake da ita a tukunya a gida ya yanke ganye ɗaya, ya tsayar da shi har ruwan ɗorawan nan ya tsiyaye, domin shi yana iya sa ƙaiƙayi, sannan ya fere ya ɗebi farin mai yauƙi na ciki. A fara gwadawa a ɗan ƙaramin wuri kafin a shafe baya gaba ɗaya.

Idan ƙaiƙayin ya fi ƙarfin waɗannan, a nemi man haidurokotizon mai ƙarfin kashi 1 cikin 100. Ana shafa shi sama-sama sau ɗaya ko biyu a rana, ba a wuce mako guda, ba a sa shi a inda fata ta fashe, kuma ba a shafa wa fuska ko jikin ƙaramin yaro sai da umarnin ma'aikacin lafiya.

Gargaɗi: man basilin, manja, man shanu da man gyaɗa duk suna rufe fata su riƙe zafin a ciki, don haka ba a sa su a sabuwar ƙuna. Man goge baki, kanwa, toka, fetur, turare da man zafi irin na mura ko na tausa, waɗannan ƙara ƙona wurin suke yi. Lemun tsami kuwa yana da nasa haɗarin, domin ruwansa idan ya haɗu da hasken rana a kan fata yana haifar da wata ƙuna ta daban mai barin baƙin tabo na watanni. Sai kuma mayukan nan na bututu masu haɗi uku da ake miƙa wa kowa a kemis da zarar ya ce ƙaiƙayi. Akasarinsu suna ɗauke da sinadari mai ƙarfi da ke kwantar da ƙaiƙayi cikin dare ɗaya, shi ya sa mutane suka yarda da su, amma yawan shafa su yana sirantar da fata har rana ta fi saurin cin ta. A ganina, mai aikin fili ya fi kowa buƙatar nisantar su.

Man kaɗanya yana da amfani, amma lokacinsa yana zuwa ne bayan zafin ya fita daga fatar, daga kwana na uku zuwa gaba, a shafa shi kaɗan bayan wanka yayin da jiki ke da sauran danshi.

5. Maganin sha da daren ƙaiƙayi

Domin raɗaɗi, babban mutum zai iya shan farasitamol mai miligiram 500 ƙwaya biyu, da tazarar aƙalla sa'a huɗu zuwa shida tsakanin sha da sha, kuma kada ya wuce ƙwaya takwas a cikin sa'a 24. Ibufurofen mai miligiram 400 yana rage kumburi, amma ana shan sa ne bayan an ci abinci kuma an sha ruwa sosai.

Gargaɗi: mai gyambon ciki, mai ciwon ƙoda, mace mai juna biyu da wanda jikinsa ya bushe saboda rashin ruwa su bar ibufurofen, mai asma kuma ya fara tambaya. Wanda ya yini yana gumi a fadama, ko yana azumi, bai kamata ya haɗiye shi a ciki wayam ba. Ba a ba yaro ɗan ƙasa da shekara 16 asfirin.

Domin ƙaiƙayi, setirizin ko loratadin mai miligiram 10, ƙwaya ɗaya a rana, ya isa babba. Piriton yana sa barci, saboda haka ya dace da dare, amma ɗan kabu-kabu, direba, mai tuƙa kwalekwale da mai hawa gini su tuna cewa mayensa yana iya kaiwa safiya. Kafin kwanciya a yanke farata, a sake ɗora ƙyalle mai sanyi, a kwanta a inda iska ke shiga da sakakkiyar rigar auduga. Idan ƙaiƙayin ya motsa a danna wurin da tafin hannu, domin susa ce take yage fata ta buɗe wa ƙwayoyin cuta ƙofa, kuma ita ce take barin tabon da mutum zai yi wata da watanni yana kallo.

6. Bororo da saɓar fata

Bororo alama ce cewa ƙunar ta yi zurfi. Ba a fasa shi da allura ko ƙaya ko reza, domin fatar da ta rufe shi ita ce bandejinsa. Idan ya fashe da kansa a wanke da ruwa mai tsafta, a rufe da bandeji marar mannewa, kuma kada a koma cikin ruwan fadama da buɗaɗɗen ciwo. Bayan kwana uku zuwa mako guda fata takan fara saɓa. A bar ta ta zube da kanta, ba a ɓantara. Sabuwar da ke ƙasa tana da taushi, wani lokaci ta fi sauran jiki haske, kuma rana tana saurin ƙona ta, don haka a rufe ta na makonni.

7. Lokacin da ba na gida ba ne

A tafi asibiti idan bororo ya mamaye wuri mai faɗi ko ya fito a fuska, idan akwai zazzaɓi da rawar sanyi da amai, idan ciwon ya fara mugunya ko kumburin yana yaɗuwa, ko kuma idan jariri ne ko ƙaramin yaro ya ƙone. Mutumin da ya rikice a gona, yana sambatu, yana tangaɗi ko ya suma, kuma jikinsa ya yi zafi rau, zafi ne ya buge shi, kuma hakan yana kisa. A kai shi inuwa, a sassauta tufafinsa, a yi ta zuba masa ruwa ana fifita, a nemi abin hawa nan take, kuma kada a ɗura wa wanda ba ya cikin hayyacinsa ruwa a baki.

Akwai kuma waɗanda nasu ba ya wucewa. Ƙuraje ƙanana kamar kan allura da ke dawowa a hannu da wuya duk lokacin da aka shiga rana, ko fata mai duhu da kaushi da ta zagaye wuya da bayan hannu tare da gudawa a jikin wanda abincinsa kusan masara ce zalla, ko gyambon da ya haura wata guda bai warke ba, duk waɗannan na likita ne. A fara da asibitin da ke kusa. Daga can ana iya tura mutum Asibitin Tunawa da Sir Yahaya da ke Birnin Kebbi, ko Asibitin Koyarwa na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo a Sakkwato.

8. A gyara lokacin aiki

Hasken da ke ƙona fata ya fi ƙarfi daga ƙarfe 10 na safe zuwa 4 na yamma. Wanda ba ya duba agogo ya dubi inuwarsa: muddin ta fi shi gajarta, rana tana kan ganiyarta. Tsofaffin manoma sun san wannan, shi ya sa suke sammako bayan sallar asuba, su tashi da hantsi ya yi zafi, su koma bayan la'asar. Dashen shinkafa, cirar ciyawa da zuba taki duk suna yiwuwa a wannan tsari. Mai gona da ke ɗaukar 'yan ƙwadago zai taimaka musu idan ya ba da aikin jinga maimakon biyan yini, domin ta haka ne za su iya zaɓar lokacin sanyi. Inda aikin ba ya ɗaguwa, kamar ban ruwa da inji ko zuba kankare, a kafa rumfar zana ko ta buhu a bakin aikin, a riƙa karɓa-karɓa. Hadarin damina da hazon hunturu suna rage zafin da ake ji a jiki, amma hasken da ke ƙuna yana ratsa su, kuma a irin ranakun ne mutane suka fi sakin jiki.

9. Sutura

Kuskuren da ya fi yawa shi ne tuɓe riga ko aiki da singileti don a sha iska. Riga mai dogon hannu, sakakkiya, ta auduga mai matsattsiyar saƙa, ita ce kariya mafi arha, kuma ana samun ta a gwanjo. Kafin a saya a ɗaga ta a saitin rana: idan haske yana ratsa ta sosai, zai ratsa har fata. Yadi mai duhu ya fi fari tare haske, ko da yake ya fi ɗaukar zafi, jiƙaƙƙiyar riga kuma kariyarta tana raguwa, saboda haka masunci ko mai dashe ya riƙe ta biyu. Rigunan roba irin na ƙwallo suna riƙe gumi su jawo ƙurajen zafi.

Hular hana-sallah tana kare goshi kaɗai, ta bar kunnuwa da ƙeya, inda ƙunar ta fi kamawa. Malfa mai faɗin baki ta fi ta nesa ba kusa ba, kuma idan aka sa mata igiya iska ba ta ɗauke ta. Wanda ba shi da malfa ya yafa ƙyalle ko rawani a ƙarƙashin hula ya sauko kan wuya.

10. Man kariya daga rana da lissafin kuɗinsa

A nemi wanda aka rubuta SPF 30 ko sama da haka a jikinsa, wato lambar da ke nuna ƙarfin kariyarsa, wanda kuma aka nuna yana tare UVA da UVB, wato nau'o'in hasken rana biyu masu lalata fata, mai jure gumi, mai lambar NAFDAC da ranar lalacewa da ba ta wuce ba. Mai lamba 30 yana tare kusan kashi 97 cikin 100 na hasken da ke ƙuna, mai lamba 50 kuma kusan 98, don haka babu dalilin biyan ninki saboda babbar lamba. Ana shafa shi minti 15 zuwa 30 kafin a fita, a sake bayan kowace sa'a biyu, da kuma bayan gumi mai yawa, alwala ko shiga ruwa.

Ga lissafin da ya kamata a yi kafin a saya. Fuska da wuya da kunnuwa suna cin kusan ƙaramin cokali ɗaya, wato mililita 5, kowane hannu ma haka, baya haka, gaba haka. Mai aiki ba riga zai ƙarar da mililita 25 a shafa ɗaya, kenan kwalba mai mililita 100 ba za ta kai shi kwana biyu ba. Wanda ya sa dogon hannu da malfa, fuska da wuya da bayan hannu kaɗai suka rage masa, kuma kwalbar za ta kai shi kusan mako. Wannan ne ya sa nake cewa a fara sayen riga da malfa, man ya zo daga baya ga wanda yake da hali.

Gargaɗi: shafa ɗan kaɗan don a yi tattali yana rage kariyar sosai. Kada a bar kwalbar a rana ko a ƙarƙashin kujerar babur, domin zafi yana lalata ta. Man kaɗanya da man kwakwa ba sa maye gurbinsa.

11. Waɗanda suke buƙatar ƙarin kula

Zabiya ba shi da sinadarin da ke duhunta fata, don haka 'yan mintoci a tsakar rana sun isa su ƙona shi, kuma ƙuna a kan ƙuna ce take kaiwa ga sankarar fata. Gare shi man kariya mai lamba 50, malfa, dogon hannu da tabarau dole ne kullum, kuma iyaye su zaɓa masa sana'ar inuwa tun yana ƙarami maimakon kiwo ko talla. Masu shafa man bilicin sun cire wa kansu kariyar da Allah Ya ba su, saboda haka duk abin da aka faɗa a sama ya fi shafar su. Wasu magungunan sha ma suna sa fata saurin ƙonewa, daga ciki akwai doksisaikilin, tetirasaikilin, sifurofuloksasin, Septrin da wasu magungunan hawan jini masu sa yawan fitsari. Wanda aka rubuta wa ɗaya daga cikinsu kada ya daina sha da kansa, sai dai ya gaya wa likita cewa a fili yake aiki, ya kuma ƙara rufe jiki har ya gama.

Mata masu zuwa gona ko shanyar shinkafa da goyo su sani cewa jaririn da bai kai wata shida ba ba a barin rana ta taɓa shi kai tsaye, kuma ba a dogara da man kariya a kansa. A sa masa hula mai baki, a rufe ƙafafunsa da ke leƙowa ta gefen zani da yadi marar nauyi, a kwantar da shi a inuwa mai iska idan an isa wurin aiki, kuma a ƙara yawan ba shi nono a ranakun zafi.